Kofin da Na Ɗauke a Gaban Alaramma

Na san abin da gwaggonninku suka faɗa muku a kaina, don ni ma ya sha dawowa kunnena. Sun ce uwarku ta faɗa zaure kan maza tun tana amarya, ta fizge kofi a gaban surukinta, ta yi rashin kunyar da unguwa ba ta taɓa gani ba. Zaure kam na shiga, kofi kuma na ɗauke. Fizgewar ce ƙari, sai kuma abin da ke cikin kofin, wanda ba su taɓa gaya muku ba. Yanzu da na tsufa, waɗanda suka gani da idonsu kuma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, gara ku ji shi daga gare ni, har da wurin da ni ma na yi kuskure.

An kawo ni Yawunde daga Garwa zamanin shugaban ƙasa na farko, a shekarun da jirgin ƙasa ya fara kaiwa Ngaundere. Gidan kakanku yana Briqueterie, wadda kowa ke kira Birik, a wani gangare inda in an yi ruwan sama sai ka riƙe bango kafin ka kai bakin titi. Babanku tela ne, kekensa yana wata rumfa a bakin hanya. Kakanku kuwa, Alaramma, mutumin ƙasar Haɗeja ne, ya shekara talatin a Kamaru amma ko gaisuwar Faransanci bai yarda ya koya ba. Ɗalibansa magidanta ne, 'yan kasuwa da mahauta da teloli, suna zuwa bayan asuba su ɗauki karatu kafin kowa ya kama sana'arsa. In sun watse sai ya jawo tawada da alƙalami ya zauna rubutu har azahar. Alƙur'ani shida ya rubuta da ka, duk sun tafi hannun mutane, ko ɗaya babu a gidansa. Na bakwai shi ne ya ce na gida ne, na 'ya'ya da jikoki, kuma shi ne na ƙarshe. Lokacin da na zo ya wuce rabi. Ni dai tsakanina da shi gaisuwa ce daga bayan labule, ina durƙushe, ya ce, "'Yar Garwa, an tashi lafiya?" in amsa can ƙasa-ƙasa in bar wurin. Haka aka koya mana zama da suruki, kuma ban ga laifin hakan ba har yau.

Abin da mutanen gidan ba su ɗauka da muhimmanci ba shi ne inda na fito. Mahaifiyata kayan yaji da saiwoyi take sayarwa a kasuwar Garwa, a rumfarta na yi wayo. Na san hulba da kirfa da garafuni da ƙamshinsu tun ban iya ɗaura zane ba. Na ga masu ciwo iri-iri suna zuwa wurinta, na ji abin da take tambayarsu, na kuma ji abin da take hana su ci, don ita takan ce rabin maganinta hani ne. Saboda haka da Alaramma ya fara yawan neman ruwan sha, buta ba ta hutawa, riga ta fara yi masa yawa, yana dafe ƙeya da hantsi, sai na fara sa ido. Ni ke share gidan, ni kuma na fara ganin kiyashi sun yi layi zuwa bayan gidan da shi kaɗai ke shiga. Daga nan ido ya fara. Ya ce yana gani dishi-dishi, ya matso da takarda kusa da hanci, ya koma bakin ƙofa inda haske ya fi, baƙaƙen rubutunsa suka fara kumbura suna karkacewa. Saura masa izu goma sha biyu a lokacin.

Da ƙyar babanku ya lallaɓa shi suka je asibitin unguwa. Suka dawo da ƙwayoyi a ƙunshin takarda da sunan cuta biyu, ciwon sukari da hawan jini, wanda mu a nan muke kira tansiyo. An ce a daina ba shi sukari, a rage gishiri. Kakarku, Inna, ta karɓi maganar da hannu biyu. Ranar nan ta kwashe kwalayen sukarin gidan kaf ta rabar wa maƙwabta, ta ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta sake kwana a ɗakinta ba. Sai ta ɗauko zuma.

Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane yadda zuma ta cika Birik a shekarun nan ba. Tun da jirgi ya buɗe hanyar Adamawa, duk wanda ya je arewa sai ya dawo da kwalba, kuma duk ɗalibin da ya ji malaminsa ba lafiya, zuma yake kawowa. Me ya fi ta? Ga ta a cikin Littafin da Alaramma ke rubutawa da hannunsa, an ambace ta da waraka. Inna ta jera kwalabe a ƙarƙashin gado, ta shiga zuba masa a shayi, a kunu, a fura. Ga wani jiƙo da aka aiko daga Haɗeja, ɗacinsa ba a magana, sai ta dafa shi da jar kanwa kamar yadda aka saba, ta kashe ɗacin da zuma cokali uku, ta aika masa kofi guda safe da yamma. Tana yi tana addu'a, don Inna tana son mijinta ƙwarai, wannan ba wanda zai ce ba haka ba. Ni kuwa ina gefe ina kallon ana ɗura wa mai ciwon sukari zaƙi, ana ɗura wa mai tansiyo kanwa, idonsa kullum ƙara rufewa yake.

Na fara da babanku, don ta nan ya kamata a fara. Na same shi yana karyawa na faɗa masa.

"Likita sukari ya ce, bai ce zuma ba," in ji shi.

"To zumar ɗaci gare ta?" na ce.

"Ke dai kin cika kawo magana. Yanzu ni zan je in ce wa Inna ta daina ba Baba zuma? Da wane bakin?"

"Da wanda kake shan kunu da shi."

Ya yi dariya ya ɗauki hularsa ya fita. Babanku mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma in dai maganar da za ta ɓata wa uwarsa rai ce, sai ya tuna akwai ɗinkin da ake jira. Ina da cikin yayanku wata huɗu a lokacin, ina zuwa awo. Matar da ke duba mu 'yar kudu ce, amma ta yi aiki a arewa ta iya Fulatanci. Na tambaye ta ko mai ciwon sukari zai iya shan zuma safe da yamma. Ta ajiye abin awonta ta ɗora hannu a ka, ta ce in dai so ake ya makance to a ci gaba. Na dawo gida na sami Inna tana tankaɗe, na durƙusa na gaya mata yadda muka yi, cikin ladabi iyakar iyawata.

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Wato ita matar asibitin ta fi Alƙur'ani sani."

"Inna, ba haka nake nufi ba."

"Shekara arba'in ina dafa wa Malam abin da zai ci. Ke jiya-jiya aka sauke ki daga mota. Tashi ki duba tukunyarki."

Na tashi na duba tukunyata. Sati biyu na yi ina haɗiye maganar, ina ganin kofin nan yana wucewa ta gabana zuwa zaure.

Ranar da abin ya faru Laraba ce da safe. Ina shara a jikin bangon zaure, ɗalibai sun gama karatu ba su tashi ba, sai na ji muryar Alaramma ta canza. Ya ce musu jiya ya zauna tun hantsi har azahar bai iya cika layi biyu ba, kuma da aka duba masa an sami gyara a ciki, shi da bai taɓa kankare harafi ba. Ya ce ya wanke alƙalumansa. Ya kira sunan wani babban ɗalibinsa ya ce ya zo ya ɗauki tawadar da sauran takardun, in Allah ya ba shi iko wata rana ya ƙarasa. Wani dattijo mahauci a cikinsu har yana jan hanci. Daidai nan babanku ya wuce ni da kofin Inna a hannu, ya shiga ya ajiye a gaban mahaifinsa. Ban san lokacin da na yar da tsintsiya ba. Na ja mayafi na rufe kaina, na yi sallama, na ratsa tsakanin maza kusan ashirin, na durƙusa na sa hannu biyu na ɗauke kofin na riƙe a cinyata.

"Baba, ka gafarce ni," na ce. "Wannan kofin shi ke cin idonka. Zuma ce da kanwa a ciki. Kiyashin da ke bin ka bayan gida ba su san bambancin zuma da sukari ba, jikinka ma bai sani ba."

To a nan ne na yi kuskure, kuma ba na ɓoye shi. Maganar kofin gaskiya ce, ko yau aka mayar da ni zauren zan sake ɗauke shi. Amma maganar bayan gida ba ta gaban ɗalibai ba ce. Na tona wa dattijo abin da ko ɗansa bai kamata ya ji ba, na kuma ga yadda fuskarsa ta yi. Ya sunkuyar da kai yana jan casbaha, mazan nan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa ido a ƙasa. Babanku ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

Kafin la'asar an ɗaure mini kayana. Inna ta ce ko ni ko ita a gidan, babanku kuwa ba shi da uwa biyu. Ya raka ni unguwar Nkomkana gidan kawuna mai sayar da tsire. An gaya wa mutane wai goyon ciki na tafi, amma wa ke tafiya goyon ciki da wata biyar? Kowa a Birik ya san korata aka yi. Na yi kuka ranar, kukan baƙin ciki da na haushi, mafi yawa na haushi. Da gari ya waye kuma na ɗaura zanena na nufi kasuwar Mokolo, don daga Nkomkana taku kaɗan ne.

Shuwaka na je nema. A Garwa sai an yi da gaske ake samun ɗanyenta, a Yawunde kuwa ga ta tuli, ita ce mutanen kudu ke miyar ndole da ita. Sai dai su ɗacin suke gudu. Sukan murje ganyen su wanke, su sake wankewa, su zubar da koren ruwan a kwata, sannan su dunƙule abin da ya rage su sayar. Na tsaya ina kallon magani yana bin lambatu. Na sami wata mai ganye, babbar mace mai yawan dariya, na yi mata nuni da hannu da ɗan Faransancin da na tsinta cewa wanda ba a wanke ba nake so. Ta kira maƙwabtanta su zo su ga Bahaushiyar da za ta kashe mijinta da miya. Daga baya da ta gane na mara lafiya ne, kullum sai ta ware mini masu kyau tun kafin in iso, ta kuma nuna mini cewa tsofaffin ganyen sun fi ɗaci.

Kowace safiya nakan wanke ganyen da ruwa mai tsabta, in murje in tace, in cika ƙaramin kofi ba ƙari, don mahaifiyata ta ce shuwaka in ta yi yawa tana wanke ciki ta bar mutum ba ƙarfi. Na aika Garwa aka kawo mini busasshen garafuni da hulba. Hulbar nakan jiƙa ta kwana, garafunin in dafa shi sama-sama. Saboda tansiyo kuma sai zoɓorodo, tsurarsa, ba sukari ba kanwa, da ɗan citta da tafarnuwa. In zuba kowanne a kwalbarsa. Babanku yakan biyo kafin ya buɗe rumfa, wai ya zo duba jikina, in miƙa masa jakar in ce ya tabbata Baba yana shan ƙwayoyin asibiti ma, don ni ban taɓa cewa ganye ya kori likita ba. Washegari ya dawo da kwalabe wayam.

"Ya sha?" nakan tambaye shi.

"Na dai ajiye a zaure."

"Shi ya sha, ko Inna ce ta zubar?"

"Ni ban tsaya ba."

Wata uku muna haka. Ban sani ba ko magani nake haɗawa ko ban-ruwa nake wa bishiyar gwandar da ke bayan zaure. Matar kawuna ta ce in haƙura, gidan da ya kore ka ba ka yi masa jiƙo. Na ce mata ba gidan nake wa ba. Cikina ya tsufa, ƙafafuna suka kumbura, hawan gangaren Mokolo ya zama aiki, amma ban fasa ko rana ɗaya ba. Taurin kan da kuke cewa 'yar'uwarku Hadiza ta gado, to ga inda ta samo shi.

Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa a faifai, sai na ji sallama a ƙofa. Muryar na sani, amma ban yarda ba. Kawu ba ya nan, matarsa ta leƙa ta dawo da gudu tana neman tabarma. Alaramma ne, shi kaɗai, ba mai riƙe masa hannu, gefen rigarsa duk jar laka. Tun daga Birik ya tako. Na rasa inda zan sa kaina, ga ciki ya hana ni durƙuso sosai, na dai zame daga kujera na sunkuya da faifan a hannu. Ya zauna nesa kaɗan, muka gaisa, ya tambayi jiki. Sai ya tsura wa faifan ido.

"'Yar Garwa," ya ce, "ga tsakuwa can kin tsallake. Gefen babban yatsanki."

Na duba. Tana nan kuwa, 'yar ƙarama fara, da ƙyar za ka raba ta da shinkafar. Na cire ta, hawaye suka sauko, ban ko goge ba.

"Abin naki akwai ɗaci," ya ce. "Ban taɓa shan abu mai ɗacinsa ba. Zuma kuwa waraka ce, ban janye ba, amma ba a ce ta kowace cuta ba. Ni ne na rubuta ayar sau bakwai ban tsaya na duba ta da kyau ba." Ya gyara zama. "Maganar da kika yi a gaban mutane ta yi mini ciwo. Na yafe. Ki haɗa kayanki, gobe mijinki zai zo."

Washegari a hanya babanku ya ba ni sauran labarin da shi ma sai daga baya ya sani. Tun ranar da na ɗauke kofin Alaramma bai sake shan na Inna ba. Yakan karɓa ya yi godiya, in mai kawowa ya juya ya miƙa wa dattijon mahaucin nan, wanda ya yi ƙiba a watannin har mutane na tambayarsa sirrin. Kwalabena kuwa shi ke shanyewa, yana yamutsa fuska. Da suka koma asibiti aka ce sukarin ya sauka, tansiyon ma ya yi sauƙi. Ciwon bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah bayan shekara goma sha ɗaya, kada wani ya ce muku na warkar da shi. Idon ne ya dawo.

Na koma gidan, amma ban koma yadda na bar shi ba. Inna ba ta sake cin abincin da na dafa ba har ta rasu. Ta raba tukunya, ta ja 'ya'yanta mata gefenta, ranar sunan yayanku ma a ɗaki ta wuni. Na yi biko, na aika manya, na yi mata wanki da daka, duk a banza. Da ina yarinya na ɗauka ƙiyayya ce kawai. Sai da na girma na gane abin da na yi mata: na nuna wa duk unguwa cewa hannun da ya shekara arba'in yana ciyar da Malam shi ne ke cutar da shi, ita kuwa ba ta da abin ba shi da ya wuce wannan kofin. Wannan ya dame ni, har yau yana damuna. Na so a ce mun shirya kafin ta tafi, ba mu shirya ba.

Alaramma ya karɓo tawadarsa da takardunsa daga wurin ɗalibin nan, ya feƙe sababbin alƙaluma, ya sauke izu goma sha biyun kafin azumi ya kama. Alƙur'anin yana wurin yayanku a cikin gafakarsa ta fata. In kun je ku yi alwala ku ce ya buɗe muku wajen izu na arba'in da tara. Za ku ga rubutun yana ta girma yana karkata, shafi bayan shafi, har ya tsaya a tsakiyar layi. A kan layin nan dai, bayan 'yar tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba, za ku ga ya ci gaba ƙanana, a miƙe, kowane wasali a wurinsa. Wata ukun da na yi a Nkomkana ke nan.